Yadda Munka Sa Mai Kifin Garu Cikin Wasa

Ɗan kawuna ya iso Malanbil tsakiyar kakar albasa, lokacin da kamyo, manyan motocin kaya, ke jeruwa tun daga duwan, ofishin kwastan na bakin iyaka, har bayan gidanmu, kuma duk buhun da ya ruɓe bakin magudanar unguwarmu ake juye shi. A wannan watan ko shayi ka kurɓa sai ka ji albasa ciki. Ya sauko daga kabu-kabu yana toshe hanci da hankici. Ni kuwa dawowata ke nan daga lakwal, inda nake koyar da tarihi, hannuna cike da takardun gyara.

"Baiwata," ya ce, "har yanzu cikin warin nan kuke?"

"Cikinsa anka yanke cibin ubanka," na ce mishi.

Taubasai muke. Ubansa wan Innata ne, don haka a wasanmu na gado shi ne ubangida, ni ce baiwa, kuma tun muna ƙanana ba mu gaisawa sai da zagi. A Kutonu ya girma, can ya koyi zane. Ina son shi ƙwarai, don shi kaɗai ne cikin dangi bai taɓa yi mani dariya ba in na ce ina son rubuta littafi.

Bayan ya ci abinci ya faɗa mani abin da ya kawo shi. Shi da abokansa suna wani wasa da ban taɓa ji ba. Mutum biyar ko shida za su zauna kewaye da tabur, kowa ya ɗauki halin wani, wannan mayaƙi, wannan falke, wannan boka. Mutum guda ne ke jan labarin, ya ce ga inda kuke, ga abin da ya tunkaro ku, me za ku yi? In ka ce za ka tsallake katanga ko ka yaudari mai gadi, sai ka jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita za ta nuna ka dace ko ka faɗi. Ya ce sun gaji da biranen Turawa masu ƙanƙara. Yana son ya yi ɗan littafi na garin fatauci a bakin gulbi, garin da babu shi a duniya, amma mai sarautarsa da addininsa da abin da mutanensa ke tsoro.

"Ke ce malamar tarihi," ya ce. "Ni zane na iya. Gina mani gari."

Kwana tara munka yi muna zama cikin zaure bayan azahar, shi da kaye da bik yana rubutawa, ni da bakina. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba. Na ɗora garin bisa tsibiri, na sa mishi suna Mashigi Bakwai. Na ce ba a gadon sarauta a can. Ana naɗa wanda ya fi kowa daɗewa a kasuwa ba a taɓa kama shi da tauye mudu ba. Na ba masu gishiri unguwarsu, masu goro tasu, na sa gaba ta shekara ɗari tsakanin majema da marina a kan wa zai wanke kayansa a saman ruwa, wa a ƙasa. Da munka zo kan addini na ce mutanen garin sun ɗauka gulbi baƙo ne mai wucewa, bai taɓa kwana wuri guda ba, saboda haka kowane baƙo ɗan'uwan gulbi ne, kuma babban zunubi a wurinsu shi ne ka tambayi mutum asalinsa. Masu jan ibadarsu tsofaffin mata ne masu tuƙa jirgi. In za a yi rantsuwa hannu ake tsomawa a ruwa. In mutum ya mutu sai an ƙetara da gawarsa zuwa wancan gaɓar an dawo kafin a rufe shi, don kada a ce ya bar duniya bai taɓa tafiya ba.

Inna ta zo wucewa wata rana ta tsaya ta saurara.

"A'uzu billahi. Addini kuke ƙerawa a zauren nan?"

"Tatsuniya ce, Inna."

"Da rana tsaka?"

"Goggo, aiki ne," in ji shi. Ta girgiza kai ta shige.

Ran kwana na bakwai ya ajiye bik ya yi miƙa.

"Garin nan naki ya yi kyau da yawa. Wa zai zauna awa huɗu cikin garin da kowa mutumin kirki ne? 'Yan wasa suna son abin da za su yaƙa. Wa ake tsoro? Gidan wa ba a neman aure? Da wa ba a sa hannu a kwano guda?"

Ranar kasuwa ce, kuma daga inda muke zaune ana hango tsakar gida. Iya mai kifi tana zaune bisa tabarma kusa da Inna, suna hira da Dandanci, yaren mutanen yankinmu. Daga ƙauyen Garu take zuwa kowane mako da daron kifin banda, ta ajiye sauran kayanta gidanmu, ta yi azahar, ta huta, ta koma kasuwa. Tun kafin a haife ni take haka. Tana da maƙoƙo a wuya wanda take rufewa da gefen gyale, kuma yatsu biyu na hannunta na hagu sun manne tun wata ƙuna da ta yi tana yarinya. Ina ƙarama kullum tana ware mani 'yan ƙananan karfasa masu ƙamas. Da na haifi ɗiyata ta fari ita ta kawo mani kifin da na yi jego da shi.

A bayan madafa akwai wani kwanon sha mai shuɗin baki rataye ga ƙusa. Nata ne ita kaɗai. Kakata ce ta fara rataye shi tun tana da rai. Ita ce kuma na ji tana faɗa wa wata baƙuwa, ina kwance ina kamar barci, wai kakar Iya sayo ta anka yi, kuma zuriyarsu akwai ƙanƙarar maita a ciki. Wai akwai jaririn da Iya ta taɓa yabawa, bai kai bakwai biyu ba.

Ban taɓa yarda da ko kalma guda ba. Na sha tsayawa gaban 'yan lakwal ina gaya musu irin wannan magana jahilci ce. Amma ran nan na rage murya na kwashe komai na ba shi: kwanon, ƙusar, kakar da anka sayo, jaririn. Ya dinga rubutu da sauri yana cewa, "Yanzu kika zo. Ci gaba." Na ci gaba. Na tuna yadda bakina ke zaƙi. Har da abin da ban ji ba na ƙara, na ce wai hayaƙin bandarsu in ya bi ta kan mai ciki sai ta yi ɓari. Wannan daga kaina na ƙago shi a take, don na ga yana jin daɗi.

Sai ya ɗaga salula kamar yana duba saƙo, ya juya ta wajen tsakar gida. Na ga abin da yake yi. Na kau da kai, na shiga maganar majema.

Ya koma Kutonu, damina ta zo ta wuce. Sai Babbar Salla ya dawo, da kwali ɗaya na littafin, an buga shi da Faransanci, bango mai sheƙi. Ya hana ni buɗewa.

"A wasa za ki gan shi. Kada ki ɓata ma kanki."

Washegarin Salla da hantsi ya shirya tabur a zaure. Ya gayyato wani magatakardan duwan, da malamin asibiti, da abokan aikina biyu, da wani mai shagon kayan salula. An kawo tire na soyayyen naman layya an ajiye tsakiya. Ni anka ba halin fatakiya mai gishiri, mai ɗauke da tulun mai da ƙyastu.

Da farko har ƙwalla ta zo mani. Ɗan kawuna ya iya jan labari. Ya saukar da mu a mashigi na uku, tsohuwa mai jirgi ta sa mu tsoma hannu a ruwa, magatakardan duwan ya tambayi wani baƙo garinsu, kasuwa duka ta yi tsit ta juya mishi baya. Abin da na faɗa a zauren nan ga shi mutane suna yawo cikinsa suna gardama.

Sai ya sauya murya. Ya ce a ƙasan gari, inda ƙazantar majema ke taruwa, akwai wasu da ake kira masu hayaƙi. Ba su cikin addinin gulbi. Kakanninsu a kasuwa anka saye su, abin bautarsu wata ruɓaɓɓiyar tarwaɗa ce da suke ajiye cikin rami. Ba a sha da kwanon da sunka sha, kowane gida da nasu rataye a ƙusa. Jarirai suna mutuwa a garin, masu ciki suna ɓari, kuma sarki ya sa lada ga duk wanda ya kawar da shugabarsu, Uwar Hayaƙi.

Na ji kalmomina suna fitowa daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Amma na ce wa kaina ba suna, ba gari, wa zai sani? Na zauna.

Sunka yi shawara suna tauna nama. Mushen lissafi, malami ɗaya daga cikin abokan aikin nawa, wanda ban taɓa jin ya ɗaga ma ɗalibi murya ba, shi ya ce a tare ƙofar bukkar da itace tukuna don kada ta fita. Mai shago ya ce a jira iska ta juya. Sannan duk sunka dube ni.

"Madam, ke ke da mai da ƙyastu."

Ɗan kawuna ya turo mani ɗan ludon. Na ɗauka, ya yi maiƙo da man nama. Na jefa. Lamba mafi girma ta fito. Zaure ya ɗauki ihu, magatakardan duwan yana buga tabur. Ɗan kawuna ya bayyana yadda rufin ya kama, yadda take buga ƙofa, yadda warin ya kai har mashigi na bakwai.

"Ga wadda kunka kashe," ya ce, ya buɗe shafin ya ajiye tsakiyar tabur.

Iya ce. Zaune take kamar yadda take zama bisa tabarmarmu, ƙafa ɗaya a miƙe. Ya cire gyalen ya bar maƙoƙon a fili, ya kumbura shi, ya zana 'yan fuskokin jarirai suna turowa daga cikinsa. Yatsun nan biyu manannu ya ƙara musu farce. Zanenta mai ɗigon rawaya ne, daronta ne mai lotsattsen gefe. Ya ba ta haƙoran kifi, amma idanun bai taɓa su ba.

Malamin asibiti ya sunkuya ya duba, sai ya fashe da dariya har nama ya fito mishi a baki.

"Wallahi na san ta! Mai bandar Garu ce, wadda ke zama kusa da masu manja!"

Sunka yi ca a kan littafin. Mai shago ya fiddo salula ya ɗauki shafin. Na dubi bakunansu suna ƙyalli da mai, na dubi yatsuna su ma suna ƙyalli. Na tashi na fita bayan gida, na durƙusa bakin magudana, na amayar da duk naman da na ci.

Da baƙi sunka watse na same shi yana tattara takardu.

"Me ka yi ke nan?"

"Me na yi? Shi ne shafin da kowa ya fi so a Kutonu."

"Mutum ce. Jibi za ta shigo gidan nan ta gaishe ka."

"Wasa ne. Kuma ai na sauya bakin. Wa ke karanta Faransanci a layin masu kifi?" Ya ɗago ya dube ni. "Ke kika ba ni, fa. Ni ban san da wani kwano ba. Haba, baiwata."

"Kada ka ƙara kirana haka."

Ya yi dariya, yana tsammanin cikin wasan ne. Da ya ga fuskata ya bari. Abin da ya faɗa dai gaskiya ne.

Hoto ba ya buƙatar Faransanci. Kafin mako ya zagayo yana cikin salular rabin kasuwa, kuma waɗanda sunka iya karatu sun fassara ma waɗanda ba su iya ba. 'Yan dako sunka fara kiran "Uwar Hayaƙi" in ta wuce. Wannan da sauƙi. Abin da ya fi shi shi ne matan da ba su yi dariya ba. Maƙwabciyarmu ta gaya mani da idonta ta ga wata mai ciki ta ja gyale ta rufe hanci ta sauya layi. Maganar da na ƙago a zaure cikin daƙiƙa guda, ta dawo mani daga bakin wata abokiyar aikina, tana rantsuwa tun kakarta ta san haka.

Iya ba ta zo gidanmu ranar kasuwar nan ba, ba ta zo ta gaba ba. Inna ta aika a tambayo ko lafiya, anka ce mata lafiya lau. A mako na uku wata ta nuna ma Inna hoton, ta karanta mata abin da ke ƙasa. Ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa.

"Ke kika gaya mishi maganar kwano?"

"Ni ce."

Na sunkuyar da kai ina jiran ta ce na ci amanar tsohuwa, na yi ƙarya, na zubar da mutuncin baiwar Allah. Ina son ta faɗa.

"Maganar cikin gida ce ake fitarwa?" ta ce. "Yanzu kowa ya san a gidanmu ta fito. Da wane ido zan shiga kasuwa?"

"Inna, ke kin yarda mayya ce?"

"Ni ban ce ba."

"To don me kwanon?"

"Haka na taras."

Shekara talatin suna hira bisa tabarma guda, suna kuka a mutuwar juna. Na dubi uwata. Kuma ban da bakin da zan yi mata faɗa.

Ranar Lahadi da safe na hau kabu-kabu zuwa Garu. Shinkafa ta fara nuna hagu da dama, hanya duk ramukan da ruwa ya bari. Na tarar da ita bayan gidanta tsakanin gangunan banda, tana juya tarwaɗa bisa waya. Hayaƙin ya shiga mani ido. Ƙamshin da na sani ne tun ina goye.

Na durƙusa na gaishe ta da Dandanci, kamar kullum. Ta amsa da Hausa. Da Hausa take magana da masu sayen kifi. Ni ba ta taɓa yi mani ita ba.

"Sannu da zuwa, Madam. Kifi ake so?"

"Iya, gafara na zo nema."

Na faɗa mata komai, ban rage ba, har da maganar masu ciki da na ƙago. Ba ta daina aiki ba. Ta kwashe waɗanda sunka yi, ta jera ɗanyu, ta tura itace.

"Kina tsammani ban san dalilin kwanon nan ba?" ta ce can. "Tun ran da kakarki ta miƙo mani shi na sani. Na ce ruwa dai ruwa ne, uwarki kuma tana da kirki, ga inuwa kusa da kasuwa. Ke ce ban san kina ciki ba."

Ta juya wata tarwaɗa, ta ci gaba.

"Ɗiyata ta ƙarshe za a ɗaura ma aure bayan girbi. Shekaranjiya dangin mijin sun aiko mutum biyu, wai tambaya sunka zo yi. Sun zauna nan inda kike. Na ba su ruwa, ba su sha ba."

Ta goge hannu a zane, sannan ta dube ni sosai, karo na farko.

"An ce a wasan ƙone ni kunka yi."

"E."

"Wa ya kunna wutar?"

"Ni."

Ta gyaɗa kai. Ba ta zage ni ba, ba ta ce ta yafe ba. Ta ce rana na yi, gara in kama hanya tun mai kabu-kabu bai gaji da jira ba.

Daga nan ta mai da cinikinta Gaya, ƙetaren gadar iyaka, duk da wahalar jandarma da duwan ga tsohuwa mai daro a ka. Auren ɗiyar an ɗaga shi wata biyu, sai da limamin ƙauyen ya shiga tsakani kana anka ɗaura. A bakin mutane munka ji. Ba a kawo mana goro ba. Na rubuta ma ɗan kawuna na ce ya cire shafin. Ya cire a bugu na biyu, ya sa wata dodanniya mai kan kada, ya aiko mani yana cewa ga shi ya yi, sai in huce. Na farkon kuwa sun riga sun shiga hannun mutane. Muna gaisawa har yau in an haɗu a biki ko rasuwa, gaisuwa irin ta kowa.

Kawu da labari ya kai mishi Kutonu, ya kira Inna ya ce abin yara ne, a gyara. Ya sa anka sayi buhun shinkafa babba, mai kyau, anka ɗaura bayan kabu-kabu anka aika Garu da saƙon ban haƙuri. Kafin la'asar mai kabu-kabun ya dawo da buhun yadda ya tafi da shi, ko igiyar ba a kwance ba. Ya ce ta ce a gode, su manoma shinkafa ne.

Buhun ya zauna jingine a zaure. Inna ba ta ce a buɗe ba, ba ta ce a bayar ba, kowa ya ratsa ta gefensa ya wuce. Ya kusa wata huɗu nan, har ƙwari sunka fara fitowa ta ɗinkin. Da matar wana ta haihu, ran suna shinkafa ta kasa, wata daga cikin masu girki ta ce ga buhu can yana lalacewa. Anka buɗe, anka shanya, anka bakace, anka dafa da miyar albasa. Na san ko wacce shinkafa ce lokacin da anka miƙo mani kwano. Tun safe nake tsaye ina hidima ban karya ba. Na zauna cikin mata na ci.